Tsohon jirgin ruwa a tafkin Volta: me ake fara gyarawa, katako ko inji?

Wanda ya bar Salaga da sassafe ya nufi kudu ya san inda hanya take ƙarewa. A Makango ne. Daga nan sai ruwa, kuma garin Yeji yana can ƙetare. Idan babban jirgin fito na kamfanin Volta Lake Transport yana aiki kuma an dace da lokacinsa, to madalla. Idan kuwa ya riga ya tashi, ko yana jiran gyara, mai sauri ba shi da zaɓi sai ya shiga ɗaya daga cikin dogayen jiragen katako masu inji a baya, tare da buhunan masara, doya, kwandunan kifi, babura, wani lokaci har da shanu.

Na sha yin wannan fito. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen, injin jirginmu ya mutu muna tsakiyar ruwa. Matuƙin ya buɗe murfi yana ta ja, yaronsa kuma yana kwarfar ruwa da rabin jarka bai huta ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne injin sabo ne fil, fentinsa yana walƙiya, amma katakon da aka ɗaura shi a kai yana lanƙwasawa duk sanda aka ja igiya. Bayan kamar minti 20 injin ya tashi, muka isa lafiya. Tun daga ranar nake tambayar kafintoci da makanikai na bakin ruwa yadda ake kula da tsohon jirgi, ina kuma karanta littattafan da masu ƙera injuna suke haɗowa da kayansu.

Amsar da na tattara ba ta da wuyar faɗa. Kuɗin gyara yana da jeri: gangar jikin jirgi da farko, sannan inji, sannan kayan ceton rai, ƙarin ƙarfi da ado su zo a ƙarshe. Yawancin masu jirage suna bin jerin ne daga ƙasa zuwa sama, domin inji shi ne abin da fasinja ke gani ya yaba.

Dajin da ke ƙarƙashin ruwa

Kakanninmu fatake da suka yi safarar goro tsakanin Gwanja da Kano sun san Volta a matsayin kogi. A Yeji ake fito da kwale-kwale, a kawo goron Asante kasuwar Salaga. Tafkin da muke gani yau ɗan kwanan nan ne. An kammala madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya taru ya rufe fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, aka tayar da mutane kimanin 80,000 daga garuruwansu. Ba a sare dazuzzukan da ke wurin ba kafin ruwa ya hau. Itatuwan suna nan tsaye a ƙasa, kuma da yawansu masu tauri ne da ruwa bai iya cinye su ba.

Tsayin ruwan kuma ba ya zama wuri ɗaya. Ma'aunin da madatsar ke aiki da shi yana kaiwa daga ƙafa 240 zuwa kusan ƙafa 278, wato bambancin ya haura mita 11. Kututturen da ke tsaye a fili kowa yana ganinsa a watan Yuni yana iya zama taki ɗaya a ƙarƙashin ruwa a watan Oktoba. Wannan shi ne mafi haɗari, domin ido ba ya ganinsa amma gindin jirgi yana samunsa.

Hukumar kula da sufurin ruwa ta Ghana, wadda doka ta kafa a 2002, ta sa an tumɓuke kututture a wasu hanyoyi, ciki har da ta Yeji zuwa Makango. Tana kuma zana wa jirage layin lodi, kuma akwai sojojin ruwa a manyan mashigai da ke duba yawan kaya. Sai dai tafkin yana da ƙauyukan masunta da tsibirai masu ɗimbin yawa inda babu mai dubawa. A watan Janairun 2023 'yan makaranta 8 suka rasu a gundumar Sene ta Gabas suna hanyar zuwa makaranta. A watan Oktoban 2025 mutum 15 suka rasu kusa da Kete Krachi, yawancinsu yara. Masu karatu a Najeriya ba za su manta da jirgin da ya dare biyu a kogin Kwara kusa da Wara ta jihar Kebbi ba, a watan Mayun 2021, inda fiye da mutum 100 suka salwanta. A irin waɗannan wurare, lafiyar jirgi tana hannun mai shi da kafintansa.

Gangar jiki: inda ruɓa take ɓuya

Mutane da yawa suna zaton ruwan gishiri ya fi cin katako. A wajen ruɓa, ruwan daɗi ya fi ɓarna. Abin da ke ruɓar da katako wani irin funfuna ne mai son danshi da iska da zafi, gishiri kuwa yana rage masa ƙarfi. Shi ya sa katakon da ke nutse kullum a ƙarƙashin ruwa yakan daɗe, amma wanda ke jiƙewa yana bushewa shi ke fara mutuwa. Wuraren da ya kamata a fara dubawa su ne daidai layin ruwa, gindin haƙarƙarin jirgi inda ruwan sama ke kwanciya, ƙarƙashin bencina, da duk inda laka da ƙaiƙayi da ɓawon rogo suka taru ba a share ba.

Gwajin ba ya bukatar na'ura. A jawo jirgi tudu, a wanke shi, a ɗauki ƙaramar guduma ana bubbuga katako ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe yana yin dum kamar an bugi kabewa. Inda aka yi shakka a soka sukudireba. Idan ta shige ba da ƙarfi ba, wannan katakon ya gama aiki, ko da fenti ya rufe shi da kyau. Ba a yi wa ruɓa faci. Ana yanke wurin har a tarar da lafiyayyen itace, a ƙara gaba kaɗan, sannan a sa sabo. Haɗin sabo da tsoho ya faɗa a kan haƙarƙari, kuma kada haɗin katako biyu da ke maƙwabtaka ya zo wuri ɗaya.

Irin itacen ma abin lura ne. Wawa ba shi da nauyi kuma ba shi da tsada, amma ba ya jure danshi. Odum, wanda Hausawa suka sani da loko, da kuma maɗaci sun fi daɗewa nesa ba kusa ba. Wanda ba zai iya sayen mai tauri ga jirgi duka ba, ya sa shi a gindi da haƙarƙari da katakon baya, ya bar mara nauyin a sama.

Sai ƙusa. Ƙusar gini ta kasuwa tana tsatsa a cikin jiƙaƙƙen katako har ta zama siririya kamar allura, kanta kuwa yana nan a waje kamar lafiya lau. Baƙin tabo ko jan zirin tsatsa da ke gangarowa daga kan ƙusa alama ce. A zare guda biyar ko shida daga wurare dabam-dabam a gani. Idan rabinsu sun cinye, sauran ma haka suke, kuma jirgin da ƙusoshinsa suka mutu shi ne wanda ke buɗewa gaba ɗaya idan ya bugi kututture, maimakon ya huje wuri ɗaya. Ƙusa mai rufin tutiya ta fi tsada, amma ita ce ta aikin ruwa.

Tsakanin katako da katako ana cusa auduga ko zaren igiya, a bi da kwalta mai zafi. Wannan aikin yana da lokaci. Iskar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana busar da katakon da ke sama da ruwa, ya tsuke, haɗin ya buɗe. Jirgin yana iya yin makonni yana ɗaukar kaya kaɗan ba a ga komai ba. Ranar kasuwa aka yi masa cikakken lodi, ya nutsa ƙasa da taki ɗaya, sai waɗannan busassun haɗe-haɗen su shiga ruwa su fara tsiyaya ta ko'ina. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka ƙarshen hunturu, kafin guguwar farkon damina ta Maris da Afrilu, shi ne lokacin sake toshe jirgi tun daga gindi har baki.

Kada a raina ruwan da ke kwance a cikin jirgi. A ce shimfiɗar jirgin tana da tsawon mita 12 da faɗin mita 2. Ruwa mai zurfin santimita 10 kawai a wannan fili ya kai lita 2,400, wato nauyin buhu 24 na masara mai kilo 100. Buhu yana zama inda aka ajiye shi, ruwa kuwa yana gudu zuwa gefen da jirgi ya karkata ya ƙara danne shi. Idan yaron jirgi ba ya ajiye abin kwarfa daga tashi har isa, jirgin yana bukatar kafinta, ba ƙarin yaro ba.

Katakon baya, wanda ake ɗaura inji a kai, shi ne ya fi kowane shan wahala. Injin mai ƙarfin doki 40 ya haura kilo 70, yana girgiza, yana tura jirgi duka ta wannan wuri ɗaya. A kama ƙafar injin a jijjiga ta sama da ƙasa. Idan katakon yana motsi tare da ita, ko an ga tsaga a kusurwa, a sauya shi kafin komai. A ƙarfafa kusurwoyin da ginshiƙai, a ɗaure da noti mai ratsawa da faffadan wasa, sannan a ɗaure injin kansa da sarƙa ko igiya mai ƙarfi a jikin jirgi don kada ya faɗa ruwa idan maɗaurinsa ya kwance.

Batun faiba

A Turai da Amurka, tun daga shekarun 1960 yawancin ƙananan jiragen shaƙatawa masu ɗaki da wurin kwana da faiba ake yin su, kuma masu sayen tsofaffinsu sun koyi darasi ɗaya: faiba ba ta ruɓa, amma katakon da aka binne a cikinta yana ruɓa. Katakon baya da dogayen ginshiƙan ƙasa sukan zama falawud da aka lulluɓe. Ruwa yana shiga ta ramin noti, ya cinye cikin, waje yana nan sumul. Wanda zai sayi tsohon jirgin faiba daga bakin teku, a Tema ko Lome ko Kwatano, don ya kawo shi tafki, ya yi masa gwajin guduma ɗin nan, ya kwance noti ɗaya na ƙasa ya ga ko ruwa mai launin shayi zai fito.

Wasu masu jiragen katako kuma suna lulluɓe tsohon jirgi da faiba don ya daina yoyo. Dabarar tana aiki ne kawai idan katakon lafiyayye ne, ya bushe sarai, an kankare kwalta da fenti da maiƙo. Idan aka shafa a kan jiƙaƙƙen katako, faibar ba ta kamawa da kyau, ruwa yana maƙalewa a tsakani, ruɓa ta ci gaba a inda ba mai gani. Jirgin zai daina yoyo na wani lokaci, ya ƙara nauyi, kuma ranar da ya bugi kututture fatar tana iya ɓarewa kamar ɓawon ayaba.

Inji: abubuwa biyar da ke kashe shi

Injin da ya fi yawa a tafkin shi ne mai bugu biyu, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai wuri ɗaya, musamman Yamaha mai doki 40. An fi son sa ne domin ba shi da sarƙaƙiya, kayan gyaransa suna samuwa, kuma bakanike na bakin ruwa yana iya warware shi a kan tabarma. Irin wannan inji yana iya yin shekaru masu yawa idan an kiyaye abubuwa biyar.

Na farko, ruwan sanyaya. Injin yana zuƙo ruwa ta ƙafarsa da wata ƙaramar roba mai fukafukai da ke juyawa a cikin famfo. Shaidar tana aiki ita ce siririn ruwan da ke tsartuwa ta baya, wanda matuƙa ke kira fitsarin inji. Idan ya yi rauni ko ya tsaya, a kashe inji nan take a duba ko leda ko ciyawa ta toshe mashigar ruwan. Yashi da laka suna cin robar, kuma tayar da inji a tudu ba ruwa, ko na ɗan lokaci kaɗan, yana ƙona ta. A ruwa mai laka irin na damina, a buɗe a duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara. Kuɗinta bai kai komai ba idan aka kwatanta da fistin da zafi ya narkar.

Na biyu, man giya da ke cikin ƙafar inji. Ƙa'idar da aka fi bayarwa ita ce a sauya shi bayan kowace awa 100 ta aiki. A lura da launinsa idan yana fitowa. Idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. Sau da yawa mai laifin zaren taru ne ko na ƙugiya da ya naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa. A tafkin da masunta suka cika, ya kamata a cire farfela duk mako a warware zaren, a shafa giris a mayar.

Na uku, fulogi, wanda 'yan Nijar da sauran ƙasashen Faransanci ke kira buji. Kansa yana ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. Launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Baƙi mai maiƙo yana nufin baƙin mai ya yi yawa ko kabureta tana ba da fetur fiye da kima. Fari fat kamar alli yana nufin injin yana zafi ko mai ba ya isa, kuma wannan ya fi haɗari. Kada jirgi ya tashi ba tare da sababbin fulogi biyu da sifanarsu ba.

Na huɗu, datti da ruwa a cikin mai. Yawancin mutuwar inji a tsakiyar tafki daga nan take. Man da ya bi ta durom da jarka da mazurari a bakin ruwa yana ɗauko yashi da raɓa. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a gindin tanki, sai igiyar ruwa ta girgiza jirgi ya taso ya shiga kabureta, daidai lokacin da aka fi bukatar injin. A tace mai da kyalle mai tsabta, kada a juye ƙarshen jarka a tanki, a wanke matatar mai a kai a kai. Idan tiyo ya tsage ko ƙwallon matsa mai ya taurare, a sauya. Ƙaramar matata mai raba ruwa da fetur da ake ɗaurawa tsakanin tanki da inji tana cikin gyare-gyare masu araha da suka fi amfani.

Na biyar, karo. Injin yana da maƙulli da ke hana ƙafarsa ɗagawa idan ana tafiya da baya. Idan ana tafiya gaba a wurin da ake zargin kututture, a bi umarnin littafin injin game da tuƙi a ruwa mara zurfi, a rage gudu, yadda ƙafar za ta iya ɗagawa idan ta bugi abu, maimakon ta karye ko ta fizge katakon baya. Farfelar da ta lanƙwashe ko ta gutsure tana sa girgiza mai cin giya da roba, tana kuma shan mai. A riƙa tafiya da ta ajiya tare da noti da fil ɗinta.

Haɗin mai

A Ghana gwamnati tana sayar wa masunta haɗaɗɗen mai a farashi mai rangwame, wanda ake kira firimis. Ana rina shi shuɗi don a gane shi, kuma kwamitocin bakin ruwa ke rabawa. Ba kullum yake samuwa ba, don haka matuƙa da yawa sukan sayi fetur su haɗa da kansu. A nan ake yin kuskure iri biyu. Wani yana rage baƙin mai don ya yi tsimi, injin ya ci kansa. Wani yana zuba kowane irin baƙin mai na mota ko na babur, wanda ba a yi shi don injin ruwa ba, ya bar baƙin gawayi a fistin.

Ma'aunin da aka fi sani ga waɗannan injuna shi ne kashi 50 na fetur da kashi 1 na baƙin mai, wato rabin lita a jarka mai lita 25. Sabon inji, ko wanda aka sauya wa fistin da zobba, ana ninka masa baƙin man a awannin farko, a kuma guji buɗe masa wuta duka. A duba abin da aka rubuta a littafin injin, domin akwai bambanci tsakanin wani da wani. A ware kwalba guda mai alama don awo, a fara zuba baƙin man da fetur kaɗan a girgiza, sannan a cika.

Ƙarin da ya cancanci kuɗi

Idan jirgi ya samu ciniki, abin da mai shi ke fara tunani shi ne inji na biyu ko wanda ya fi girma. Dogon jirgi mai nauyi yana ture ruwa ne, ba ya tashi a kansa, kuma irin wannan jirgi yana da iyakar gudun da tsawonsa ya ba shi. Idan an kusa wannan iyaka, ƙarin ƙarfi yana tafiya ne wajen tayar da igiyar ruwa da ƙona mai. Injin doki 40 da aka buɗe wa wuta duka yana iya shan kusan lita 20 a awa. Idan aka sassauta zuwa kashi uku cikin huɗu, shan mai yana raguwa sosai, lokacin da ake ƙarawa a tafiya kuwa kaɗan ne. Amfanin inji na biyu na gaskiya shi ne idan ɗaya ya mutu ɗaya ya kai mutane gaɓa, kuma ba a ɗora shi sai an tabbata katakon baya zai ɗauki nauyin biyu.

Injin mai bugu huɗu ya fi tsimin mai, ba ya hayaƙi sosai, amma ya fi nauyi da tsada, ba a zuba masa firimis, kuma yana son bakanike da ya san shi. Kafin a saya, a tambaya ko akwai mai gyaransa da kayansa a Yeji, ko kuwa sai an je Kumasi ko Tema duk sanda ya yi tari.

Ga abubuwan da suka fi ƙarin doki amfani. A ɗaure jarkokin da ba komai a ciki, masu murfi gam, a ƙarƙashin bencina da gaba da baya. Kowace jarka mai lita 25 tana riƙe nauyin da ya kusa kilo 25 a ruwa, don haka guda 20 suna ba da kusan rabin tan, abin da zai taimaka jirgin da ruwa ya cika ya tsaya a sama mutane su riƙe shi. Sharaɗin shi ne a ɗaure su da jikin jirgin sosai. A sayi rigunan ruwa daidai da yawan fasinja, da na yara, a rataye su a inuwa inda hannu zai kai, domin rana tana cinye su. A sa fitila mai aiki da hasken rana da ƙaramin batir. A samu anga da igiya mai tsawo, filafilai aƙalla biyu, gora, bokiti biyu, usur, da waya a cikin leda mai rufewa. Igiyar kashe inji da ake ɗaurawa a hannun matuƙi, wadda da yawa suke cirewa su yar, ita ce ke tsayar da jirgi idan matuƙin ya faɗa ruwa.

Wayar hannu ma tana da aiki. Lokacin da ruwa ya ja baya kututture suka bayyana, matuƙi yana iya bin hanyarsa yana sa alama a taswirar waya, ya ajiye don watannin da ruwa zai rufe su, ko ranakun da hazon hunturu ke ɓoye gaɓa.

Rumfa kuwa a yi ta da hankali. Inuwa tana da daɗi, amma rufi mai nauyi yana ɗaga nauyin jirgi sama, iska tana kama shi, kuma idan aka fara ɗora kaya a kai jirgin yana saurin kifewa. A yi ta da tamfol da siraran sanduna, gefe a buɗe yadda mutane za su iya fita.

Yendi da Bawku: jirgin da ke barci wata tara

Arewa da tafkin matsalar ta sha bamban. Gabas da Yendi kogin Oti ne, wanda ya taso daga Benin ya ratso Togo ta Mango, kuma idan ya cika da damina garuruwa irin su Saboba sukan koma dogaro da kwale-kwale. A yankin Bawku kuwa Farin Volta ne. Kusan kowace shekara a watan Agusta ko Satumba ana buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, ruwa ya malale gonakin bakin kogi, hukumar agajin gaggawa ta NADMO ta yi ta gargaɗi mutane su hau tudu.

A waɗannan wurare jirgi yana aiki wata biyu ko uku, sauran shekara yana ajiye, kuma ajiyar ce ke kashe shi. Fetur da aka bari a kabureta yana bushewa ya bar danƙo mai toshe ƙananan ramuka. Robar famfo tana sandarewa. Zanzaro yana gina ɗakinsa a ramin fitsarin inji. Katakon da aka bari a ƙasa gara tana ci, wanda aka bari a rana yana tsagewa. Kafin a ajiye inji, a cire tiyon mai a bar shi yana aiki a ruwa har ya shanye abin da ke ciki, a zubar da ragowar da ke kabureta, a ɗiga baƙin mai kaɗan ta ramin fulogi a ja igiya a hankali, a sauya man giya, a jingine shi tsaye a ɗaki. Jirgin kuma a kife shi a kan duwatsu ko bulo a inuwa, iska tana ratsa ƙarƙashinsa. A watan Yuli, tun kafin a ji sanarwar Bagre, a toshe shi, a jiƙa shi kwana biyu ko uku katako ya kumbura, a gwada injin. Daren da ruwa ya shigo gari ba lokacin neman bakanike ba ne.

Littafi da asusu

Abu na ƙarshe da zan ba masu jirage shawara a kai daga aji na ɗauko shi: rajista. Ƙaramin littafi da za a riƙa rubuta awannin aiki, litar man da aka sha, ranar da aka sauya man giya da fulogi da roba, da katakon da aka canja. Idan tafiyar da ke cin lita 10 ta koma cin 13, littafin zai faɗa tun kafin injin ya faɗa. A kuma ware wani abu daga cinikin kowace ranar kasuwa a matsayin kuɗin jirgi, kada a taɓa shi don biki ko bashi. Masu jirage da ke mashigi ɗaya suna iya yin adashi don sayen katako da kayan gyara a sari.

Mu fasinjoji ma muna da namu. Kafin ka sa ƙafa, dubi layin lodi ko yana sama da ruwa. Dubi ƙasan jirgin ko akwai ruwa kwance tun ba a tashi ba. Dubi katakon da injin yake kai, ka ga ko fitsarin injin yana fita da ƙarfi. Tambayi rigar ruwa ka sa ta, ka sa wa yaronka tasa. Idan hadari ya haɗu da la'asar, ko ka ga ana ta ƙara buhu bayan layin ya nutse, sauka ka jira na gaba, ko da za ka kwana a Makango.